Kundin aikin sauya tayoyin injinan ɗaga kaya a sitonmu na Sharaɗa

12 ga Fabrairu, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta halin da ake ciki game da tayoyin injinan ɗaga kaya na sitonmu da ke rukunin masana'antu na Sharaɗa a Kano, bayan da muka wayi gari da jak huɗu daga cikin tara, wato kekunan hannu na ɗaga kaya, a jingine a jikin bango, famfonsu lafiya ƙalau, amma ƙafafunsu sun ƙare. Riɗi da zoɓo muke ajiyewa, waɗanda ake kawo mana daga Dawanau, a gyara, a zuba a buhuna, a jera a kan falet, wato shimfiɗar katakon da ake ɗora kaya a kai, kafin a loda su a kwantena zuwa Legas. Buhun riɗi kilo 50 ne, saboda haka falet mai buhu ashirin tan guda ke nan, kuma in aiki ya kankama leburori kan ɗora talatin.

Abin da muke da shi: jak na hannu guda tara masu ɗaukar kilo 2,500, da sitaka biyu masu aiki da batir waɗanda ke ɗaga falet zuwa saman kanta, sai babban fokalif mai shan gas da ke aiki a farfajiya. Shi wannan na ƙarshe tayoyin roba ne a jikinsa, ba ya cikin wannan aiki. Maigida ya ba ni umarni in nemo taya mafi ƙarfi da ake sayarwa, a saya sau ɗaya a huta. Na amsa masa da to, amma na roƙi arzikin mako guda in fara duba abin da ya kashe na farko.

15 ga Fabrairu

Yau ni da bakanikenmu muka kifar da jak huɗun nan, muka buge fin ɗin da ke riƙe da kowace rola, muka jera su a kan tabarma bisa lambar injin da aka ciro su. Kowane jak yana da manyan tayoyin sitiyari biyu a ƙarƙashin famfo, da ƙananan rola huɗu a ƙarshen yatsunsa biyu masu shiga ƙarƙashin falet, bibbiyu a kowane yatsa. Rola goma sha shida ke nan muka duba, kuma abin mamaki shi ne uku kawai daga ciki za a ce sun cinye irin cinyewar tsufa, wato sun ragu daidai ta kowane gefe.

Sauran kuwa kowace da irin nata ciwon. Akwai waɗanda suka ɓantare, an rasa gutsure kamar ɗan yatsa daga jikinsu, alamar sun sha karo da bakin ƙarfe ko tsagar siminti. Akwai biyu da fatar ta rabu da ƙarfen ciki gaba ɗaya, kana iya juya ta da hannu kamar zobe a yatsa. Amma mafi yawa, har guda takwas, gefe ɗaya ne ya shafe ya zama fili, kuma dalilin yana nan a jikin shaf ɗin. Da bakanike ya zare rola ta farko, sai na ga wani baƙin abu mai tauri a tsakaninta da ƙarfen yatsa, na ɗauka washa ce. Ya sa wuƙa ya yanka, sai ga shi zaren ɗinkin buhu ne da tsinken leda suka nannaɗe, zafi ya narkar da su suka dunƙule. Wannan dunƙulen ya ci murfin boris, ƙura ta shiga, boris ya cije, rola ta daina juyawa, leburori kuma suka ci gaba da jan ta a kan siminti da tan guda a bisa kanta. Bakanike ya ɗaga zaren ya ce, "Oga, ko tayar zinariya ka saya, wannan ne zai ci ta."

21 ga Fabrairu

Awo. Na sa an aro ma'aunin kauri an auna komai, domin a bara an taɓa aikawa da saƙo cewa a kawo "rolar jak", aka kawo wasu da suka ƙi shiga, suna nan a kwali har yau. Rolarmu faɗinta milimita 80 ne, tsawonta 70, ramin shaf 20, boris ɗin ciki kuma mai lamba 6204 ne, wanda bakinsa na waje milimita 47 ne, kaurinsa 14. Jak biyu da aka saya daga baya nasu 82 ne, bambancin da ido ba ya gani amma yana sa yatsa ɗaya ya fi ɗaya tsawo in an cakuɗa. Tayoyin sitiyari 200 bisa 50 ne, in ban da jak guda mai 180. Tayar ja ta sitaka, wato wadda ke jan injin, 230 bisa 70 ce.

Wani abin da ya kamata in rubuta domin wanda zai gaje ni: in an sauke yatsun jak ƙasa, tsayinsu daga daɓe milimita 85 ne, rola kuwa 80. Ratar da ke tsakanin cikin yatsa da siminti ƙarama ce ƙwarai, don haka rolar da ta ragu da 'yan milimita kaɗan ta isa ta sa ƙarfe ya fara kankare ƙasa. Farin zanen da ke bin hanyar ƙofa ta biyu daga nan ya samo asali.

4 ga Maris

An shafe mako biyu ana muhawara a kan abin da za a saya. Leburori sun fi son farar tayar nailan, kuma suna da hujja, domin ita ce mafi sauƙin turawa a kan daɓe mai santsi, ba ta jin ruwa, ga ta da arha. Sai dai taurinta ne aibinta. Ba ta lotsawa ko kaɗan, saboda haka duk nauyin yana sauka a kan ɗan siririn layi, in ta taka tsakuwa sai ta tsaya cik ko ta nutsa tsakuwar cikin siminti, kuma bakin kowace tsaga da ta haura sai ya ƙara marmashewa. Ga ƙara kamar ana niƙa. Roba kuma tana da laushi da riƙon ƙasa, amma a ƙaramar rola irin wannan ba ta iya ɗaukar nauyin, turawar ma takan yi wa mutum nauyi.

Foliyuretan, wanda 'yan kasuwa ke kira PU, yana tsakanin biyun. Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro shi a Jamus a 1937, kuma irinsa ne ake yin katifar soso da tafin wasu takalma da shi, sai dai na taya tauri gare shi. Yana ɗaukar nauyin da ya fi na roba nesa ba kusa ba, yana lotsawa kaɗan ya haɗiye 'yar tsakuwa ya wuce, ba ya barin baƙin zane a ƙasa, kuma mai da giris ba su cika yi masa illa ba. Abin da na fahimta a 'yan kwanakin nan shi ne sunan bai isa ya zama shaida ba. Akwai wanda ake zubawa yana ruwa a kan ƙarfe, a gasa shi a tanda, akwai kuma wanda ake narkarwa a matsa shi a kan cibiyar nailan, na biyun ya fi arha kuma ya fi saurin gajiya a ƙarƙashin nauyi. Dukkansu PU ake ce musu a shago.

Ana auna taurin ne da sikelin Shore A, wanda ke tashi daga 0 zuwa 100. Tayar mota takan kama tsakanin 60 da 70, rolar ɗaukar kaya kuwa galibi 92 zuwa 95 ake so. Na shaida wa maigida cewa maimakon a zuba kuɗi a abu ɗaya, gara a sayo iri uku kaɗan-kaɗan a gwada su a daɓenmu. Bai so jinkirin ba, musamman da yake dala na hawa da sauka a wannan lokacin, har dillalan Legas ba sa yarda farashin da suka faɗa ya wuce kwana uku, amma ya amince.

18 ga Maris

Kaya sun iso a makon farko na azumi. Kashi na farko jajaye ne masu cibiyar nailan, daga wani shago a nan Kano. Na biyu ma jajaye ne, amma zubi ne a kan ƙarfe. Na uku masu launin zuma ne, na Vulkollan, wato nau'in da kamfanin Bayer ya fitar tun shekarun 1950, wanda yanzu sunan ke hannun kamfanin Covestro, kuma kuɗinsu ya kusa ninka na farko sau uku. Na sa an haɗo mana da ɗan ma'aunin tauri mai allura, abin da bai fi agogon aljihu girma ba. Ana danna shi a jikin taya ne a karanta lamba, kuma ya kamata a danna a wurare uku ko huɗu a ɗauki matsakaici, tunda jikin rola a lanƙwashe yake.

Mai shagon da ya sayar mana da kashi na farko ya rantse cewa 95 ne. Allura ta tsaya a 86. Na biyu ya ba da 93, na uku 92. Launi dai ba ya nuna komai, rini ne kawai, ko da yake leburorinmu sun riga sun yanke hukunci cewa ja ya fi ƙarfi.

Mun sa kowane kashi a jak uku, muka rubuta lamba da fenti a jikin kowane jak, muka kuma sauya dukkan boris zuwa mai murfin roba a gefe biyu, wanda ake rubuta wa 2RS, maimakon mai murfin ƙarfe, saboda ƙurar riɗi da ta hunturu. Doka ɗaya na kafa a wurin ɗaurawa: ba a sauya rola ɗaya a bar 'yan'uwanta. In sabuwa ta zauna kusa da tsohuwa, sabuwar ce za ta ɗauki kusan dukkan nauyin tunda ta fi tsayi, kafin wata biyu ta koma kamar wadda ta tarar.

23 ga Afrilu

Matsala daga inda ban zata ba. Sitaka ta ɗaya ta fara rawa tana buga ƙasa da misalin ƙarfe uku na rana, da aka ɗaga ta sai aka ga fatar tayar ja ta kumbura a gefe ɗaya, wani abu mai danƙo kamar narkakken ƙaro yana tsatsowa daga tsakaninta da ƙarfe. Na kai hannu na janye da sauri. Wajen tayar bai cinye ba ko kaɗan, daga ciki ta dahu.

Dalilin haka shi ne duk juyi ɗaya da taya ta yi, sashen da ya taɓa ƙasa yana matsewa ya sake buɗewa, kuma wani ɓangare na wannan ƙarfi yana komawa zafi a cikin jikinta. Foliyuretan ba ya fitar da zafi da wuri, sai ya taru a kusa da ƙarfe, daidai inda gam ya haɗa su. In zafin ya haura kamar digiri 80 na dogon lokaci, ƙarfinsa yakan fara raguwa, gam ya saki. To a Kano cikin Afrilu, inda zafin waje ke wuce digiri 40, ga rufin kwano, tayar ta riga ta ci rabin tafiyar tun ba a kunna injin ba. Sannan wannan sitaka an yi ta ne domin ɗaga kaya da gajeren zuwa, mu kuma mun mai da ita motar jigila daga ƙofa zuwa ƙuryar sito, tafiyar kusan mita saba'in, ba hutawa, saboda ana gaggawar cika kwantena biyu bayan hutun Sallah.

A nan ne na ga inda tsadar Vulkollan take da ma'ana, domin abin da ya yi suna a kai shi ne ƙarancin tara zafi da jure aiki mai gudu. An sayo guda, an ɗaura, an ɗaure notuna a gicciye, ɗaya nan ɗaya can, aka sake bin su da sufana bayan aikin yini guda. Na kuma hana direbobi al'adar da na lura da ita, ta murɗa totur gaba ɗaya daga tsaye da kaya a sama, wanda ke sa taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana goge kanta, da kuma juya sitiyari alhali injin na tsaye. Dogon jigila ya koma hannun jak.

13 ga Mayu

An cike tsagogin daɓe guda goma sha ɗaya da ke kan babbar hanya, an kuma goge bakin farantin ƙarfen da ake shimfiɗawa tsakanin dandamali da kwantena, wanda kaifinsa ya isa ya yanka fata. Shara ta koma sau uku a yini, kuma masu ɗinkin buhu yanzu kowa da tsohon galan a gefensa da yake jefa guntun zare. Dattijon da ke mana shara ya ce tun da ya fara aiki a nan ba a taɓa kiran sa taron injiniyoyi ba sai bana. Kowace Asabar da safe ana kifar da jak, a sa ƙugiyar waya a zaƙulo abin da ya nannaɗe, a juya kowace rola da hannu a saurari ƙarar boris.

25 ga Yuni

Wata uku da fara gwaji, ga abin da ma'auni ya nuna. Kashi na farko ya ragu daga 80 zuwa wajen 76, rola biyu sun fara sakin cibiyarsu, leburori kuma sun ce jak ɗin da ke ɗauke da su ya fi nauyin turawa, abin da ya yi daidai da laushin da allura ta nuna tun farko. Kashi na biyu ya ragu da kamar milimita ɗaya. Na uku bai kai ɗaya ba, sai dai launinsa ya koma ruwan ƙasa mai duhu, har wani ya zo ya ce mini sun ƙone. Haske ne ke sauya masa launi, ba lalacewa ba ce.

Hukuncina a nan shi ne bambancin da ke tsakanin na biyu da na uku a jikin jak na hannu bai kai bambancin kuɗinsu ba. Mutum ne ke jan jak da ƙafarsa, gudunsa bai isa ya tara zafin da zai sa a ga fifikon mai tsadar ba. Sayen Vulkollan domin jak na hannu almubazzaranci ne, kamar yadda sayen mai arha domin tayar ja ta sitaka asara ce. Ban sami rola ko ɗaya da ta shafe a gefe guda ba tun da aka fara zaƙulo zare, kuma wannan ya shafi dukkan kashi ukun, har da mai arhar.

12 ga Agusta

Mun yi kwana biyar sito a rufe sakamakon zanga-zangar da aka fara ranar 1 ga wata da dokar hana fita da gwamnatin jiha ta sanya. An tashi a gaggauce ranar, aka bar jak biyu a ɗage da falet a kansu, sitaka ta biyu ma da kaya a yatsunta. Da aka dawo, duk ukun suna tafiya suna dukan ƙasa, ƙwas, ƙwas, a kowane juyi, domin inda taya ta zauna a matse ya lotsa. Bakanike ya so a cire, na ce a dakata. Shafewar da jan ƙasa ke haifarwa ba ta gyaruwa, tunda naman ya tafi, amma lotsawar zama takan koma in an yi ta tafiya da injin ba kaya har taya ta ɗan yi ɗumi. Biyu sun warware kafin azahar. Jak mai lamba 3, wanda ke ɗauke da kashi na farko, bai warware ba har yau. An ƙara a cikin dokokin tashi daga aiki cewa a sauke kowane kaya ƙasa, a saki famfo.

Damina kuma ta fito da raunin foliyuretan da ban ba shi muhimmanci ba a Maris. In feshin ruwa ya jiƙa bakin dandamali, tayar ja ta sitaka takan yi ta sulɓi, ta kasa hawa ɗan gangaren ƙofa ta ɗaya, birki ma ba ya kamawa yadda ya kamata. Akwai tayoyin ja masu tsaga-tsaga a jiki da ake yi domin jiƙaƙƙen wuri, akwai kuma masu ɗan laushi da suka fi riƙe ƙasa, sai dai suna saurin cinyewa. Tunda ruwan wata uku ne zuwa huɗu a shekara, na zaɓi a ƙara rumfa a bakin ƙofar, a ajiye abin share ruwa, a hana sitaka fita in ƙasa na jiƙe.

10 ga Satumba

Na je ɗauko rola daga tsohon kwalin nan na bara, waɗanda suka ƙi shiga jak ɗinmu, da niyyar a mayar wa dillali a yi musanya, sai na tarar kwalin a ƙasa a kusurwar da rufi ke yoyo. Da na danna ɗaya da farce sai ta marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Duk wanda ya taɓa ajiye takalmi shekara biyu a akwati, ya ɗauko ranar Sallah tafin ya wargaje a hanyar idi, ya san wannan ciwo. Danshi da ɗumi ne ke warware sinadarin a hankali, musamman nau'in da aka yi da foliyesta, kuma shi kansa Vulkollan daga wannan gida yake. Nau'in foliyita ya fi jure ruwa. Saboda haka taya tana iya tsufa ba ta taɓa taka ƙasa ba, kuma shawarar da maigida ya kawo ta a sayi na shekara uku a jibge saboda tsoron tashin dala tana da haɗarinta. Mun tsaya a kan na wata shida zuwa takwas, a bisa kanta, nesa da rana da bango, da kwanan watan saye a rubuce a jikin kwali, a fara amfani da wanda ya riga zuwa. Zan kuma riƙa tambayar dillali tsawon zaman da kaya suka yi a wurinsa, ko da na san amsar da zai ba ni.

21 ga Oktoba

Sabon riɗi ya fara shigowa, nan da mako uku ba za a sami sararin kifar da ko jak ɗaya ba, don haka aka kammala sauyin a wannan makon. Jak bakwai yanzu suna kan zubin ƙarfe mai tauri 93, biyu daga cikin masu Vulkollan an bar su yadda suke tunda ba abin da ya same su, na ukun kuma an cire nasa an ajiye. Tayoyin sitiyari ma an mai da su foliyuretan, in ban da jak biyu da ke aiki a bakin ƙofa, waɗanda aka sa wa roba saboda riƙon ƙasa. Iyakar da na sa ita ce duk rolar da ta sauka zuwa milimita 75, ko ta ɓantare, ko ta fara motsi a kan ƙarfenta, a cire ta tare da 'yan'uwanta. An yanka ɗan ƙarfe mai baki 75 an rataye a jikin allon kayan aiki, in ya shige kan rola to lokacinta ya yi, ba sai an nemo ni ba.

Abin da ya rage shi ne tsofaffin ƙarafan tayar ja guda biyu da ke ƙarƙashin teburina. Ana iya sake yi musu fata: a ƙwaƙule tsohuwar, a wanke ƙarfen da feshin yashi, a shafa gam, a zuba sabo, a gasa na sa'o'i masu yawa, sannan a sassaƙe a injin juyi har ya kai awo. Ingancin aikin yana ga wankin ƙarfen da gashin, wurare biyun da mai gaggawa kan yi ha'inci kuma ba a ganewa sai taya ta ɗauki zafi. Na shirya aika ɗaya Legas a motar da za ta tashi ranar Alhamis, tare da takardar awo da taurin da muke so. In ta dawo za a ɗaura ta a sitaka ta biyu, a bar ta farko da Vulkollan ɗinta, a auna su tare a ƙarshen Janairu, sannan a sake aunawa a Afrilu in zafi ya dawo.